Kilabiye mai walƙiya: haske muke saye ko kayan aiki?

 Yau mun ɗauko wata magana da wasu dattawa za su ce ta yara ce. E, ta yara ce, amma kuɗin da ke fita cikinta daga aljihun manya suke fitowa.

Kwana biyun nan in ka leƙa Facebook ko TikTok za ka ga samari zaune gaban kwamfuta, ɗaki duhu, allon rubutun nan da muke ce ma kilabiye, mutanen Najeriya su ce kibod, yana ta walƙiya: ja, shuɗi, tsanwa, kamar motar amarya. Ɗiyanmu sun gani, ransu ya biya. Tambayoyi sun fara zuwa: wane iri za a saya? Mai haske kala ɗaya ko mai kala-kala? Kuma shi mekanik ɗin nan da ake ta faɗi, mi ne ne?

Abin da ya sa muka ce sai mun yi magana, a gidanmu ya faru. Wani ƙanenmu ya samu BAC bara. Wansa da ke Abijan ya aiko mashi da kwamfuta ƴar ɗauka, tsohuwa amma mai lafiya, sai dai wasu maɓallanta sun mutu. Yaron ya yi niyya mai kyau. Ya ce kafin a koma karatu zai riƙa buga ma mutane takardu, wasiƙar neman aiki, takardun ƙungiya, tambayoyin jarrabawa na malamai, ana biyan shi kowane shafi. Tsoho ya ji daɗi. Ran Lahadi ya sa aka ja bunsuru ɗaya zuwa kasuwa, aka saida, aka damƙa ma yaro kuɗin ya tahi Yamai ya sayo kilabiye.

Da magariba ya dawo da kwali mai hoton dodo. Ya jona, abu ya kama walƙiya, yaran gida suka taru. Ya ce: "Baba, ka gani? Kala miliyan 16 gare shi." Tsoho ya duba, ya ƙara dubawa, ya ce: "To madalla. Kalolin ga su ka yin rubutun, ko kai?" Aka yi dariya.

Kwana uku dariya ta ƙare. In ya taɓa A sai Q ta fito, in ya taɓa W sai Z. Babu é, babu è, babu à, babu ç a jikin maɓallan, ga shi duk takardun da ake kawo mashi na Faransanci ne. Wasiƙar farko da ya buga ma wani malami ta dawo da jan biro tun daga sama har ƙasa. Muka ɓalle maɓalli ɗaya muka leƙa, sai ga roba, alhali da sunan mekanik aka sayar mashi. Kalolin miliyan 16 kuwa, da muka ƙirga, shida ne a jere kamar bakan gizo, ba a iya zaɓen ɗaya a bar sauran. Komawa Yamai kusan kilomita 100 ne zuwa, wasu 100 dawowa, ga kuɗin mota, kuma mai shagon ya faɗa ta waya cewa kayan da aka buɗe ba ya dawowa. Bunsuru dai ya tafi.

Ba don mu kunyata shi muka kawo labarin ba, shi ya yarda mu faɗa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa ma naka ruwa.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: hasken kilabiye yana da amfani, musamman a ƙasa irin tamu da wuta ba ta da tabbas. Amma yawan kala ado ne, kuma ado shi ya kamata ya zo ƙarshe cikin lissafin mai saye. Mu mutanen Baleyara da kasuwar dabbobi aka san mu. Wa ya taɓa sayen sa don igiyar wuyansa sabuwa ce, ko don an shafa ma ƙahonsa fenti? Baki ake buɗawa a duba haƙora, a dafa gadon baya, a sa shi tafiya a ga ƙafafu. Wannan wayon da muke da shi a kara, shi muke mantawa da mun shiga shagon kayan lantarki.

To mu fara da haƙoran. Kilabiye iri biyu ne a kasuwa. Na farko shi ne wanda muka saba gani a ofisoshi da makarantu: ƙarƙashin maɓallan akwai shimfiɗar roba guda ɗaya mai ƴan ƙoƙuna, in ka danna, ƙoƙon ya lotse ya haɗa wuta. Yana da araha, ba shi da ƙara, amma in robar ta gaji sai maɓalli ya yi nauyi ko ya daina amsawa. Na biyu shi ne mekanik. A nan kowane maɓalli da nashi ɗan makunni, da ɗan sifirin a ciki da ƙarfen da ke haɗa wuta. Kamfanin Cherry na Jamus shi ya fito da irin da ake kira MX tun shekarun 1980, kuma shi mafi yawan masu ƙera suke bi har yau. Da wa'adin haƙƙin mallakarsa ya ƙare, kamfanonin Sin kamar Gateron, Kailh da Outemu suka shigo da nasu, farashi ya sauka. Cherry na cewa makunninsa yana jure dannawa sau miliyan 50, wasu sababbin har miliyan 100. Na roba galibi miliyan 5 zuwa 10 ake faɗi. Nan bambancin kuɗin yake, ba a fitila ba.

Yadda za ka gane na gaske ba wuya. Ka ce ma mai shago ya cire maka hular maɓalli ɗaya. In mekanik ne irin na MX, za ka ga ɗan kai mai siffar alamar +, ja ko shuɗi ko ruwan ƙasa ko baƙi. In ka ga rami da roba a ƙasa, to na roba ne aka yi ma kwalliya. Akwai da yawa da ake rubuta ma kwali cewa suna da taɓi irin na mekanik, kalmar mekanik da manyan baƙaƙe, sauran bayanin da ƙanana. Kallon kitse ake ma rogo.

Kuma a nan ne ake samun kalar da ke da muhimmanci da gaske, wato kalar kan makunnin. Ja yana sauka sumul ba tare da tsayawa ba, yana da laushi, nauyin da bai wuce kamar giram 45 ba ya isa ya danna shi, kuma yana amsawa tun a milimita 2 cikin 4 na zurfinsa. Shi masu wasa suka fi so. Ruwan ƙasa yana da ɗan tudu a tsakiya da yatsa ke ji, ka san harafi ya shiga ba sai ka kai ƙasa ba, ga ƙararsa da sauƙi. Shuɗi yana da tudun kuma yana yin ƙas-ƙas da kowane dannawa. Da rana daɗin ji gare shi, kamar tsohon keken rubutu. Amma mu tuna yadda muke kwana. Ɗaki ɗaya mutum uku ko huɗu, lokacin zafi kowa a tsakar gida. Wanda ya sayi shuɗi ya zauna bugu ƙarfe 12 na dare, kafin mako ya cika za a yi mashi taron gida. Ga mai haɗa karatu da ɗan wasa, mu dai ruwan ƙasa muke ba da shawara.

Abu na biyu, wanda ya kada ƙanenmu, shi ne jerin baƙaƙe. Mu a Nijar da jerin Faransa muka tashi, wanda layinsa na sama ya fara da AZERTY. Najeriya, Amurka, Dubai da mafi yawan kayan Sin jerin QWERTY suke bi. Kilabiye na ƴan wasa, kusan duk wanda ya biyo ta Kano ko Dubai, QWERTY ne. In kwamfutarka an saita ta da Faransanci ka jona mata QWERTY, abin da ke rubuce a maɓalli daban, abin da ke fitowa daban: A da Q sun yi musanya, Z da W sun yi musanya, M ta bar wurinta. Sannan jerin Amurka maɓalli 104 gare shi, na Turai 105, kuma wanda ya ɓace ɗin shi ne mai alamomin < da > kusa da hannun hagu. Ana iya gyara saiti a cikin Windows, har akwai jerin Amurka na ƙasa da ƙasa da ke ba da é da ç ta hanyar haɗa maɓalli biyu, amma sai an koya, kuma ɗan makarantar da zai je ya yi jarrabawa ko aiki a kan AZERTY ya ruɗa hannunsa ke nan. Mafita da mutane suka fi yi ita ce liƙa ƴan takardu a kan maɓallai. To ka liƙa takarda, ta ina hasken da ka biya kuɗinsa zai fito?

Akwai kuma abin da babu fitilar da za ta ba mu. Tun watan Maris na 2025, kundin da ake mulkin ƙasa da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Turanci harsunan aiki ne. Amma je ka duk shagunan Yamai, da wuya ka samu kilabiye mai ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a jikinsa. Haka Zabarmanci da ŋ da ɲ, haka Fulatanci, haka Tamajak da nasu baƙaƙen. Wannan a cikin kwamfuta ake gyara shi: Windows na da jerin Hausa da ake ƙarawa cikin saitin harshe, akwai kuma manhajar Keyman da ake saukewa kyauta. Matashin da ya iya buga Hausa da Zabarmanci daidai, da lanƙwasarsu, ya riƙe sana'ar da za a nema gobe. Wanda ya iya sa kilabiye ya yi rawa da kala bakwai, Allah ya ba shi sa'a.

Abu na uku, girma. Ƴan wasa na son ƙanana, masu maɓalli 87 ko ma 61, don a samu wurin juya linzamin kwamfuta. Abin da aka yanke masu shi ne ɓangaren lambobi na hannun dama. A jerin AZERTY, lambobin da ke layin sama sai ka riƙe maɓallin manyan baƙaƙe kafin su fito. Ka ga ke nan mai shago, mai aika kuɗi, sakataren ƙungiyar manoma ko malamin da ke tara makin ɗalibai, in ya sayi ƙarami don ya ga yana da kyau a hoto, ya sayi wahala. Wanda lissafi ne aikinsa ya ɗauki cikakke.

Abu na huɗu, ƙura. Waɗanda ke yin bidiyon nan da muke kallo cikin ɗaki mai tayil da na'urar sanyi suke. Mu kuwa muna da hunturu wata uku ko huɗu, ga iskar da ke tasowa gaban hadari ta rufe gari da jar ƙasa. Makunnin mekanik a buɗe yake ta sama, in ƙura ta shiga tsakanin ƙarafunan sai ka danna sau ɗaya harafi ya fito sau biyu, ko ya ƙi fitowa. A wannan fannin na roba ma ya fi shi haƙuri. Don haka in za a sayi mekanik, a nemi wanda ake zare makunni a sa wani ba sai an narka dalma ba, kuma a tambaya ko an haɗo da ƴan makunnai na canji a kwali. A nemi wanda wayarsa ke cirewa, don sau da yawa waya ke fara mutuwa. A gida kuma a rufe shi da ƙyalle in an gama, a riƙa kifa shi ana kaɗewa, a share da ɗan buroshi. Kofin shayi ya zauna nesa.

Yanzu mu zo ga hasken kansa. Gaskiya ɗaya ce, yana da rana. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. Sai a watan Maris na 2024 aka maido ta. Ko ba wannan ba, kowa ya san yadda watan Afrilu da Mayu suke, zafi ya haura 40, wuta ta riƙa zuwa tana tafiya. Ƙauyukanmu da yawa ma sola ce gatansu. Ɗalibin da ke aiki da dare, kwamfuta na kan batir, ɗaki duhu, in baƙaƙen suna haske ya huta da lalube. Dattijon da idonsa ya fara rauni shi ma zai ji daɗinsa. Wannan ba mu musu.

Amma wannan aikin, fitila kala ɗaya ta gama shi. Fari ko ruwan ɗorawa, a rage ƙarfinsa, shi ke nan. Abin da ake kira RGB baƙaƙen farko ne na sunayen ja, tsanwa da shuɗi a Turanci. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ƴan fitilu uku, kowace tana da mataki 256 na ƙarfi. In ka ninka 256 sau 256 sau 256 za ka samu 16,777,216. Daga nan miliyan 16 ɗin nan na jikin kwali ya fito. Lissafin daidai ne, sai dai idon da zai bambance su a kan ɗan maɓalli ba a haife shi ba. Kuma in baƙaƙe na sauya kala kowane daƙiƙa, karanta su ya fi wuya a kan in suna tsaye da kala ɗaya.

Sannan haske ba kyauta ba ne, batir yake sha. Ramin USB na yau da kullum, mai lamba 2.0, iyakar abin da yake bayarwa volt 5 ne da rabin amfiya, wato wat 2 da rabi. Kilabiye marar haske ɗan kaɗan yake ja daga ciki, mai fitilu in an ƙure su yana iya kusantar iyakar. Mu yi lissafi na misali. A ce batirin kwamfutarka na ɗauke da abin da zai ba da wat 45 na awa ɗaya, kuma tana cin wat 12 in kana rubutu. Za ta kai ka awa 3 da minti 45. Ƙara mata wat 2 na fitilu, sai ta tsaya a awa 3 da kusan minti 13. Rabin awa ya tafi a kallo. Ga mai wuta dare da rana wannan ba komai ba ne. Ga wanda ke jiran rana ta fito kafin ya yi caji, rabin awa shafi biyu ne ko uku na aiki. Su kansu masu ƙerawa ba su ɓoye ba. Kamfanin Logitech ya ce kilabiyensa marar waya mai suna MX Mechanical yana yin kwana 15 in haske na kunne, in an kashe shi kuwa har wata 10. Ku duba tazarar.

Akwai kuma wani abu da ƴan bidiyon can ba su sani ba: ƙwarin damina. Duk wanda ya taɓa kunna fitila a tsakar gida cikin watan Agusta ya san abin da ke biyowa. Ƙwari sun fi zuwa ga haske fari mai ƙarfi da shuɗi, ja da ruwan ɗorawa ba su cika jan su ba. Ƙwaron da ya faɗa tsakanin maɓallai kuwa can zai mutu ya haɗu da ƙura. Haka nan masana barci na cewa haske mai ƙarfi da dare, musamman mai shuɗi, yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci. A nan mu yi adalci, hasken fuskar kwamfuta da na waya ya fi na kilabiye yawa nesa ba kusa ba, don haka kada a ɗora mashi laifin da ba nashi ba. Amma in har an ba ka zaɓin kala, amfaninsa mafi girma a wurinmu shi ne ka iya maida shi ja ko ruwan ɗorawa, ka rage shi. Wato cikin miliyan 16, biyu muke bukata.

A duba hulunan maɓallan ma. Masu araha roba ce mai haske aka shafa ma baƙin fenti, aka ƙanƙare siffar harafi don haske ya fito. Da zufa da yawan taɓawa fentin ke gogewa, bayan wata shida E da A sun koma farin tabo mai walƙiya. Masu kyau roba biyu ake zubawa, harafin a cikin jikin hular yake, ba ya gogewa har ta fashe. In ka kifa hular ka ga kala biyu a cikinta, ita ce.

To, wasan fa? Tun da da sunan ƴan wasa ake tallar su. Mu tambayi kanmu wane wasa muke yi a nan. Free Fire da PUBG a waya ake buga su. Ƙwallon FIFA da eFootball a ɗakunan wasa da abin riƙewa na PlayStation ake yi. Duk waɗannan ba ruwansu da kilabiye. Ga ƴan kaɗan da ke wasa a kwamfuta, abin da ke taimako shi ne kilabiye ya iya karɓar maɓalli da yawa lokaci ɗaya, kana gudu, kana tsalle, kana juyawa, ba tare da ya manta ɗaya ba. Na roba masu araha wani lokaci daga uku suke rikicewa, mekanik nagari yana karɓar shida ko ma duka. Wannan ana gwada shi cikin minti ɗaya: buɗe shafin rubutu, danna baƙaƙe biyar ko shida tare, ka ga nawa suka fito. Kuma mai wasa idonsa na kan fuskar kwamfuta, yatsunsa sun san W, A, S, D, ko Z, Q, S, D a namu jerin, ba ya dubawa. A garuruwanmu abin da ke kada ɗan wasa shi ne intanet mai jan ƙafa, kuma babu kalar da ke gyara wannan.

Mun san abin da samari za su ce, don sun faɗa mana ido da ido. Wani ya ce: "Yaya, ku fa kuna ƙawata babur da fitilu, ana yi ma amalanke fenti, ana yi ma ƙwarya zane. Don mi namu adon ya zama laifi?" Maganarsa na kan hanya. Son ado ba laifi ba ne, kuma mutumin da ya yi gumi ya samu kuɗinsa, in ya ga dama ya sayi abin da ke faranta mashi rai. Mai ɗakin wasa ma yana da hujja, walƙiyar nan tana jawo yara, a wurinsa jari ce. Mai haɗa bidiyo ko kiɗa yana iya ba maɓallan da ya fi amfani da su kala daban don ya gane su da sauri, in kilabiyen na gaske ne da ake saita kowane maɓalli shi kaɗai, ko da yake wannan sau da yawa sai an sauke manhaja mai cin kuɗin intanet. Duk mun yarda. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a sayi babur don fitilunsa alhali injin ba shi da lafiya. In kuɗi sun isa a samu makunni nagari, jerin da ya dace, sannan ga kala a kai, bismilla. In ba su isa ba, kala ce za a fara bari.

Mu yi maganar kuɗin kuwa. Manyan sunaye irin su Razer, Corsair da Logitech, nasu na mekanik masu cikakkiyar kala sau da yawa suna kai Yuro 100 ko su wuce. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, wato Yuro 100 ya haura jika 65, tun kafin a sa kuɗin dako da ribar mai shago. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsaida a ƙasar nan jika 42 ne a wata. Ka ga kilabiye ɗaya ya cinye wata ɗaya da rabi na ma'aikaci. Saboda haka in an miƙo maka wani da sunan mekanik, ga fitilu ko'ina, a kan kuɗin da bai kai na buhun siminti biyu ba, ka tsaya ka tambayi kanka ina aka rage. Galibi a makunni aka rage, don fitila araha gare ta kuma ita ido ke gani. Sayen nagari maida kuɗi gida, amma nagarin ba lallai shi ne mai tsada ba. Tsohon kilabiye na ofis, AZERTY, mai lafiya, ya fi sabon mai walƙiya da ba ya rubuta é.

Shawararmu ga duk wanda zai tafi saye: ka tafi da kwamfutarka, ko ka sa a jona maka a shagon. Ka duba layin sama, AZERTY ne ko QWERTY. Ka sa a cire hula ɗaya ka ga abin da ke ƙasa. Ka danna kowane maɓalli, ɗaya bayan ɗaya, kada ka ji kunya, ko a kara ba a jin kunyar buɗa bakin rago. Ka saurari ƙararsa ka tuna da mutanen gida. Ka tambaya ko hasken na raguwa, ko ana tsaida shi a kala ɗaya, ko ana kashe shi gaba ɗaya daga jikin kilabiyen. Ka yi magana a kan maidowa tun kuɗi na hannunka. In aike ne ka ba wani ɗan uwa da ke waje, ka tura mashi hoton jerin da kake so, kada ka ce kawai "mai kyau". Iyaye kuma, in yaro ya zo da wannan bukata, kada a kore shi, kada kuma a miƙa kuɗi ido rufe. A tambaye shi: mi za ka yi da shi? Amsar ita za ta nuna irin da za a saya.

Akwai kuma hanya da ta fi duk wannan araha. Ku shafa maɓallin F da na J, za ku ji ɗan ƙurji a kan kowane. An sa su ne don manuniyar hagu da ta dama su gane wurinsu ba tare da ido ba. Wanda ya ba kansa rabin awa kullum yana koyon bugu da yatsu goma, cikin ƴan watanni zai daina duban hannunsa, da haske da duhu duk ɗaya a wurinsa. Wannan ba ya shan batir, ƙura ba ta ɓata shi.

Ƙanen namu fa? Da kuɗin shafukan farko da ya samu ya sayi tsohon AZERTY na ofis a hannun wani mai gyara, da ƴar fitilar USB mai lanƙwasa. Ya gano ashe ita ta fi mashi, don tana haska maɓallai tana haska takardar da yake kwafa, abin da kilabiye mai walƙiya bai taɓa yi ba. Mai dodon yana nan cikin kwali, ranar sallah ya fito da shi yara suka yi kallo. Yanzu yana tara kuɗin bunsurun tsoho, ya kai rabi. Tsoho ya ce ya yafe, shi ya ce sai ya biya.

Wanda ya taɓa saye a cikinku, ya faɗa mana yadda ta kaya, musamman waɗanda suka wuce hunturu ɗaya ko biyu da mekanik, don na baya su ƙaru. Allah ya sa ma nemanmu albarka, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun sake haɗuwa.